Baƙuwar Murya a Bakin Inna

Diobu, Fatakwal
Watan Maris

Zuwa ga Kawu Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya gwiwa, ya kasuwar wake? Mama tana gaishe ka, ta ce hawan jinin ya sauka, kuma har yanzu ba ta yafe maka rashin zuwa sunan jikanta ba. Na ba Auta direba wannan takarda hannu da hannu, tunda ka ce magana mai nauyi ba a yin ta a waya.

Kawu, fim ya kammala. Kafin komai godiya zan yi. Kai ka buɗe mana gidanka na Fegge a Anaca, muka cika maka tsakar gida da wayoyi da fitilu, muka hana ka barcin rana, ba ka taɓa ɗaure mana fuska ba. Matarka Inna Hadijatu kuwa, Allah Ya jiƙanta, ita ta ɗauki fim ɗin a ka. Ka tuna ina neman wadda za ta fito a mai sayar da abinci, wadda ɗanta yake so ya mayar da ita arewa, ƙasar da ba ta taɓa zama ba, sai Inna ta ce, "Wa ya fi ni sanin tukunya?" Ba ta taɓa riƙe takardar labari ba. In na faɗa mata abin da zai faru, sai ta faɗe shi da bakinta, Hausa da Ibo da Turancin kasuwa duk a tukunya ɗaya. Ba ta ga ko minti guda na aikinta ba Allah Ya ɗauke ta, kuma wannan yana ci min rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Na kai fim ɗin wajen 'yan kasuwar fim na Anaca, suka ce, "Na Hausa film, carry am go Kano." Na tura wa masu bikin fina-finai a Legas, suka tambaye ni da wane yare aka yi shi. A Kano ne kawai aka saurare ni. Wani Alhaji Imrana mai tashar fim a intanet ya kalla har ƙarshe, ya yaba, ya ce zai saka shi. Amma ya ce masu kallonsa dariya za su yi wa Hausar Inna. Sharaɗinsa shi ne a cire muryarta a ɗora ta wata 'yar wasa mai Hausar Kano, kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya.

Abu biyu nake roƙo. Ka ba ni izinin fitar da fim ɗin da Inna a ciki, ka kuma faɗa min ra'ayinka kan muryar. In ka yarda, zan kawo shi Fegge ka fara gani kafin kowa.

'Yarka,
Bashira

*

Fegge, Anaca
Watan Afrilu

Zuwa ga Bashira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tana warin albasa, don Auta a aljihun ƙofar mota ya cusa ta. Lafiya lau muke. Gwiwa tana nan tana yi min hasashen ruwan sama, ta fi 'yan rediyo iyawa. Wake ya yi tsada a kasuwar Head Bridge, masu saye suna zagin mu kamar mu muka hana shi fitowa. Ki gaishe da mahaifiyarki Rahama, ki ce mata ni da ita tun muna yara a Indabawa ba ta taɓa yafe min komai ba, wannan ma ta haɗa.

Godiyar da kika yi, mu ne da ita. Innarki ta yi watanninta na ƙarshe tana jin kanta babbar 'yar wasa. Har Mama Nkechi maƙwabciyarmu take yi wa yanga, wai a daina kiranta da ƙarfi, mutanen kyamara ba sa son hayaniya. Na daɗe ban ganta cikin nishaɗi irin wannan ba, kuma ke kika kawo shi.

Izini na ba ki. Da yardarta aka yi, da tawa. Maganar murya kuwa, ni mai wake ne, sana'arki ce, kin fi ni sanin abin da masu ita suke so. Ki yi abin da zai fisshe ki.

Abu ɗaya kawai. Kada ki kawo fim ɗin gidan nan. Ba sai na gani ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mijinyawa

*

Diobu, Fatakwal
Watan Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Nan ruwa ya buɗe, unguwarmu ta zama tafki, ko okada ba ya shiga layinmu. Mama ta yi dariyar saƙonka har ta ƙware.

Na gode da izini. Amma layin ƙarshe na takardarka na karanta shi ya fi a ƙirga, kuma na gane. Kai dattijo ne a Fegge, kana sahun gaba a masallaci, ni kuma na sa matarka a gaban kyamara tana faɗa da masu cin bashi, tana dariya baki buɗe. Ka haƙura ne saboda ita, yanzu ba ta nan, ba ka son abin ya sake shigo maka gida. Ban ga laifinka ba. In na zubar maka da girma, ka yafe min, wallahi ba da nufi ba ne.

Saboda haka na ce wa Alhaji Imrana a gwada. Na yi tunanin in aka canja muryar ma wata sutura ce ga Inna, ba wanda zai kwaikwayi maganarta a tasha yana dariya. Sun ɗora wa wani ɗan yanki sabuwar murya, wurin da take tarbar ɗanta a bakin murhu. Na tura shi wayar Hajaratu matar ɗanka Ahmad, ko za ka so wani a gidan ya duba a madadinka. Ni dai na kalla sau ɗaya na rufe. Aikin ya yi tsaf, ba zan ce bai yi ba.

In ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ka amince.

'Yarka,
Bashira

*

Diobu, Fatakwal
Watan Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Auta bai shigo Fatakwal ba tun wancan zuwan, don haka wannan ta hannun wani mai albasa na bayar.

Ranar Juma'ar da ta wuce ka kira ni a waya, abin da ba ka saba ba. Na yi maza na ɗauka. Ka tambayi lafiyata, ka tambayi Mama, ka tambayi ruwa, ka yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ka ce to madalla, ka kashe. Na kira Hajaratu, ta ce ka hana ta cewa komai. Kawu, in fushi kake yi, gara ka zage ni in san inda na tsaya.

Mako mai zuwa zan tafi Kano a ɗora muryar gaba ɗaya. Wannan ce kaɗai ƙofar da ta buɗe min, kuma yaran da suka yi aikin nan da ni kyauta suna jiran su ga sunansu a wani wuri.

'Yarka,
Bashira

*

Fegge, Anaca
Watan Mayu

Bashira,

Assalamu alaikum. Lafiya muke, ina fatan ku ma haka. Na rubuta miki amsa tun washegarin da abin nan ya shigo wayar Hajaratu, na ba Auta, ashe ja'irin arewa ya nufa da ita ɗaukar kaya. Tana can tana yawo tsakanin Potiskum da Gombe. Wannan ta biyu ce, Ahmad zai kai ta tasha da kansa. Allah Ya sa ta riske ki.

Bari in ba ki labarin abin da kika jawo min a gida. Hajaratu ta tara mata a tsakar gida, wai a zo a ga Inna. Zinariya mai fura ta zo, Mama Nkechi ta bar garin rogonta a wuta ta zo. Ina ɗaki ina jin su. Aka kunna. Sai na ji wata yarinya mai zaƙin murya tana cewa, "Barka da zuwa ɗana, zauna ka sha ruwa." Can Zinariya ta ce, "Wa ya shiga bakin baiwar Allah?" Ta yar da wayar a tabarma ta kama karanta Falaƙi da Nasi. Mama Nkechi ta dafe ƙirji tana cewa, "No be my friend be this. Who una put inside?" Kafin in fito, Zinariya ta aika a kawo garwashi da turare, wai a yi wa wayar hayaƙi. Hajaratu tana ta bayanin cewa aikin inji ne, ba mai sauraronta.

Na ɗauki wayar na duba. Fuskar tata ce, zanen nata ne, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Amma wadda ke magana ban taɓa aurenta ba. Lokacin da kika rubuto min maganar murya, na ɗauka ƙaramin abu ne, kamar a sauya wa wake buhu. Sai da na ji da kunnena.

Akwai abin da ba ki sani ba. Innarki a unguwar Coal Camp aka haife ta, kakanta haƙar kwal ta kawo shi Inugu. Duk sanda muka je Kano da ita, 'yan'uwanmu na Indabawa sai su zaunar da ita su ce ta yi magana, su yi ta dariya. Ba mugunta ba ce a wajensu, amma ita ta ji. Daga baya in mun je, sai ta zama kurma, daga i sai a'a sai murmushi. Sai mun tsallake Lakwaja a hanyar dawowa bakinta yake dawowa, daga nan kuma har Anaca ba ni da sakat. Kano ta sa ta shiru tana raye. Ba na so a ƙara mata bayan ranta.

Maganar kada ki kawo fim gida, kin yi min mummunar fahimta, kuma laifin gajartar takardata ne. Ba girmana kika zubar ba. Tukunyarta tana inda ta bar ta. In na zauna gaban surukata da jikokina na ganta tana kai da kawo a bango, ban san abin da fuskata za ta yi ba, kuma ba abin da yara za su gani ba ne. Shi na kira in faɗa miki ranar Juma'a, maganar ta ƙi fita. Irin wannan ba ta bi ta bakina, da ƙyar ma take bi ta alƙalami.

Na san abin da nake roƙo zai iya rufe miki ƙofa. Ba umarni nake ba ki ba. Fim naki ne, wahalar taki ce. Roƙo ne na tsoho. Ki bar mata bakinta.

Kawunki,
Mijinyawa

*

Diobu, Fatakwal
Watan Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya, na samu Mama lafiya. Ina fatan turaren Zinariya ya kori abin da ke cikin wayar.

Takardarka ta iso ina Kano. Mama ta sa aka ɗauki hotonta aka turo min, na karanta ta a barandar ɗakin ɗaukar murya, an riga an ci kusan rabin aikin. Na yi kuka, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Rabi na Inna ne, rabi na jin daɗin cewa ba fushi kake yi da ni ba.

Yarinyar da ke ɗora muryar, Yasmin, mutuniyar kirki ce. Ita ta fito ta same ni. Da na gaya mata, sai ta ce dama tun farko tana shan wahala, wai bakin tsohuwar nan ya fi ta sauri, kafin ta gama jimla ɗaya Inna ta yi uku ta juya tukunya. Ta roƙe ni in bar mata asalin wani yanki a wayarta.

Alhaji Imrana bai ji haushi ba. Na ce a bar muryar a sa fassara a rubuce a ƙasa. Ya ce masu kallonsa suna girki suke sauraro, ba sa karatu, kuma ya san kasuwarsa. Gaskiyarsa ce. Ya yi min addu'a, muka rabu lafiya, ƙofar ta rufe. Da na dawo na tara yaran da muka yi aiki na faɗa musu. Mai ɗaukar hoto bai yi min magana ba har yau. Mai ɗaukar sauti kuwa cewa ya yi dama an tambaye shi, shi da ya kwana biyu yana roƙon maƙwabta su kashe janareta don muryar nan ta fito.

Na daina tambayar kaina ko fim ɗin na Kano ne ko na Legas. Kawu Abdurrahim, ƙanin Inna, ya yi magana da mai gidan kallon ƙwallo a Coal Camp. Za a ba mu wurin ranar Laraba ta farkon watan gobe bayan azahar, tunda ba wasan ƙwallo a lokacin. Daga nan in Allah Ya yarda mu bi gidajen kallo na Anaca da Fatakwal da Aba, duk inda namu suke. Ba tashar intanet ba ce, benci ne da fanka, amma a unguwar da aka haife ta za a fara jin ta.

Na faɗa maka ranar ne don ka sani, ba don in matsa maka ba. Na gode da ka rubuta abin da ya yi maka nauyi. Da ba ka rubuta ba, da na yi abin da zan daɗe ina nadama.

'Yarka,
Bashira

*

Fegge, Anaca
Watan Yuli

Bashira,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, sai dai gwiwa ta rama abin da motar Inugu ta yi mata. Abdurrahim ya ce kin neme ni bayan an tashi, an ce miki an ga wani tsoho mai kama da ni ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi. Ni ne. Ki yi haƙuri da rashin sallama, ga dalili.

Na zo ana gab da farawa. Na ga layin takalma da mutane har bakin titi, na ga tsofaffin matan Coal Camp da suka yi wasan ƙasa da innarki, na ga makanikai 'yan Ibo da baƙin mai a hannu, na ga yaran nan namu masu turin baro da suka zo daga ƙauye bara. Ban shiga ba. Akwai wani mai faci a jikin gidan kallon, na roƙe shi bencinsa, na jingina da katakon bango. Katakon siriri ne, ba abin da ya tare min.

Na ji ta, Bashira. Na ji tana yi wa mai cin bashi tas da yare uku, ɗakin ya ɗauka da dariya. Na kasa kunne sosai, don na san irin waccan dariyar ta Indabawa, ko cikin barci zan gane ta. Wannan ba ita ba ce. Wata tsohuwa a ciki tana ta cewa, "Haka take, wallahi haka take." Wurin da ta ce wa ɗanta ba za ta bi shi arewa ba, a nan uwarta take kwance, sai ɗakin ya yi shiru har ina jin ƙarar fanka. Wani yaro mai Hausar ƙauye ya tambayi na kusa da shi me ta ce, wani makanike ya fassara masa da Turancin kasuwa. Kin ce an tambaye ki da wane yare aka yi fim ɗin. Da mai tambayar ya zauna a bencin nan, da ya ga masu yaren, ɗaki guda cike.

Har nan ina riƙe da kaina. Na ji kiɗan ƙarshe ya fara, na laluba sandata zan tashi. Sai kiɗan ya tsaya, na ji ƙarar kofuna, na ji ta ɗaga murya ta ce, "Malam, biko bia mana, shayi go cold."

Wannan ba ya cikin labarinku. Ni take kira, in zo kafin shayi ya huce. Ban san na'urarku tana kunne a wannan safiyar ba, ban kuma san kin ajiye shi ba. Haka take kirana kowace safiya tun muna ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.

Na ce, "Ga ni nan." Da ƙarfi na faɗa, har na ɗan yunƙura. Mai facin ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa kan tayarsa, Allah Ya saka masa da alheri. Ni kuma na ga in na tsaya aka fito aka same ni a haka, abin da na guje wa a gida zai same ni a titi. Shi ya sa na tafi.

Na gode, 'yata. Kin rasa Kano saboda ni, na sani, kuma ba ni da abin da zan biya ki sai addu'a, ita kuwa kullum kina ciki. Ki gaishe da Rahama da yaran aikinki, har da wanda ba ya yi miki magana.

Ahmad ya saya min 'yar rediyo mai cin kati. Ki sa min wannan wurin na ƙarshe a kati ki ba Auta, ki ja masa kunne kada ya kai shi Potiskum. Ba na bukatar hoton, fuskar ina da ita. Muryar kawai.

Kawunki,
Mijinyawa